Hular Malam da Farin Yumɓun Maƙwabciya

Ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. 'Yata ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa. Tun kafin mu fara na gaya mata duk inda maganar ta taɓa ta, ta rubuta yadda na faɗa, kada ta sassauta, domin da hannunta a cikin abin da ya faru. Ta ce to. Na ce in kuka ya zo mini ta ajiye biron ta jira ni, don har yanzu yana zuwa ba sallama.

Malam, mijina, a ƙasar nan ya rasu. 'Yar nan ce ta ɗauko mu daga Zariya saboda ciwon ƙodarsa. Aikin jinya take yi a wani asibiti, ta ce a nan za a fi duba shi. An duba shi iyakar dubawa, amma kwana ya ƙare. A nan Maryland aka binne shi, a maƙabartar Musulmi. Da dangi suka yi ta bugo waya suna cewa in dawo gida, na ce su yi haƙuri. Ba zan tafi in bar shi shi kaɗai a ƙasar da ko gaisuwarta bai iya ba.

Kayansa duka an ɗaure an aika wa ƙannensa, manyan riguna, agogo, takalma, har sandar da yake dogarawa. Abu ɗaya na riƙe, hula. Ba ita ce mafi kyau a cikin hulunansa ba, ta zaman gida ce. Ni na ɗinka ta da hannuna lokacin da idona ke da ƙarfi, da zare shuɗi da ruwan toka, kuma ita ce a kansa har ranar da aka kwantar da shi kwanciyar ƙarshe. Da aka miƙo mana kayansa a leda a asibiti, na zare ta na cusa cikin hijabina kafin kowa ya lura.

Akwai wata 'yar samira mai murfi da na zo da ita daga cikin kayan jerena, don kada in zo ƙasar mutane ba ni da ko kwano ɗaya nawa. Na shimfiɗa farin ƙyalle a gindinta, na sa hular, na rufe. Kullum in na idar da sallar asuba sai in ɗaga murfin kaɗan, in kai fuskata, in shaƙa sau ɗaya, in yi maza in rufe. Yana ciki. Turaren da yake shafawa ran Juma'a, da man kansa, da guminsa, da wani abu kuma da ba shi da suna, wanda in na shiga ɗaki a da nakan san ya shigo ya fita. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Macen da tun da aka kai ta gidan miji ba ta taɓa furta sunansa ba, ta yaya za ta buɗe baki ta ce wa 'yar cikinta tana shinshinar hular ubanta? Wata rana 'yar nan ta shigo ta tarar da ni da hular a hannu. Na yi maza na juya ta wajen haske na ce, "Dubi aikin nan. Yanzu wa zai zauna ya yi irinsa?"

Ta ce, "Gaskiya, Inna, kin yi aiki."

Da wannan maganar ta tafi, ni kuma na bar ta da ita.

Gidanmu a Silver Spring yake, irin gidajen nan da ke manne da juna, bango ɗaya tsakaninka da maƙwabci. A baya akwai ɗan fili da shinge, bayan shingen kuma itatuwa da wani ɗan rafi. Matar da muke haɗa bango da ita 'yar Japan ce, ƙarama, gashinta fari fat an yanke shi gajere, shekarunta ba za su yi nisa da nawa ba. Ita kaɗai take zaune. Lokacin da Malam ke raye yakan zauna a baya yana shan hantsi, ita kuma in ta fito sai ta tsaya ta can gefen shingen ta sunkuyar da kai, shi kuma ya ɗaga mata hannu.

Na taɓa ce masa, "Malam, me matar nan take nema?"

Ya ce, "Gaisuwa ce."

"Gaisuwa kullum ba magana?"

"To ke da kika iya yarenta ki je ki tambaye ta."

Bayan na fita takaba ba ni da abin yi sai zaman tagar kicin. Wata safiya, an kwana ana ruwa, na hango ta ta fita bayan shinge da kwano a hannu. Tana tafe tana duban ƙasa kamar wadda ta yar da ɗan kunne. Can ta tsuguna, ta zuba wani farin abu mai kauri a ƙasa, ta zauna tana jira. Da ya daskare ta sa wuƙa ta ɓamɓaro shi, ta hure ƙasar jiki, ta naɗe a tsumma ta shige gida. Ɗaukar sawu ke nan. Ba wanda zai koya mini wannan. A unguwarmu an taɓa ɗaukar sawun wani mai sayar da yadi, da idona na ga yadda ƙafarsa ta bushe kamar kara, har ya mutu bai sake taka ta ba.

Da 'yar nan ta dawo aiki ko takalmi ban bari ta cire ba.

"Ke, matar nan sawu take ɗauka."

"Sawun wa, Inna?"

"Ina na sani? Ni dai jiya ta nan na bi na kai shara."

Ta yi dariya har da dafa bango. "Inna, sawun barewa ne. Suna fitowa daga wajen rafin nan. Maginiya ce fa, irin kakarki da kike ba mu labari. A ƙasarsu ta koyo, har nuna kayanta ake yi a cikin Washington mutane su je kallo."

"Kakata tukwane take ginawa a dafa tuwo a ciki. Ba ta taɓa bin sawun kowa da kwano ba."

"To wai wa zai yi miki asiri a Silver Spring?"

"Au, shi Shaiɗan sai an ba shi biza yake shigowa?"

Ta ce Allah ya ba ni haƙuri, ta haye sama tana dariya. Ni kuwa daga ranar, in zan fita baya da tsintsiya nake fita, irin tamu ta gida da ta sayo mini a kantin 'yan Afirka a Wheaton. In na kai sharar sai in dawo da baya da baya ina share sawuna har bakin ƙofa.

Sai kuma na tuna da kofin. Lokacin zaman makoki matar ta shigo ta'aziyya, ta miƙo wani abu ƙulle a cikin ƙyalle. Da aka kwance, kofi ne ba mariƙi, bakinsa a karkace, launin jikinsa ya gangaro ta gefe ɗaya ya tsaya kamar an zubar da kunu ba a goge ba. 'Yar nan ta ce irinsa ake rububi, wai da gangan suke barinsa haka. Na ce in kakata ta gina abu ya fito haka, fasa shi za ta yi kafin maƙwabta su gani. Me zai sa a zaɓi karkataccen kofi a kawo wa wadda aka yi wa mutuwa? A lokacin ban kawo komai a raina ba, na dai ƙi sha da shi. Bayan na ga abin da na gani ta taga, na ɗauko shi da gefen zanena, na tofa masa addu'a, na tura shi can ƙuryar kabad bayan garin masara.

'Yar nan ce ta dame ni da cewa mutum ya zo maka gaisuwar mutuwa ba ka je ka yi bangajiya ba, ko a gida abin kunya ne. Wannan kam gaskiyarta. Na soya ƙosai, muka zuba a kwano muka je.

A gareji take aikinta. Da shigarmu na ji ƙamshin jiƙaƙƙen yumɓu, sai da zuciyata ta motsa, don rabona da shi tun ina yarinya a gidan kakata. Amma nata yumɓun fari ne tas kamar ƙullun shinkafa. A gefe akwai tanderun da take gasa kayan, kamar ƙaton duro na ƙarfe mai murfi, ba itace ba kara, da lantarki yake aiki, da wata 'yar jar fitila a jikinsa. Bangon kuma daga sama har ƙasa an jera fararen allunan tangaran, manya da ƙanana. Abin da na fara dubawa shi ne ko akwai fuskar mutum ko ta dabba, don in akwai ba zan zauna ba. Babu. Daga nesa sai suka tuna mini ɗakin amarya a zamaninmu, yadda ake jera tasoshi da faranti a bango har ido ya rasa inda zai sauka.

Da na matsa kusa sai na ga ba faranti ba ne. Ɗaya rigar jariri ce, da tattararta da igiyar wuya. Ɗaya safar hannu. Ɗaya wuyan rigar namiji ne, da maɓallai, har da inda bakin wuyan ya fara cinyewa. Kowane zare ya fito. Na kai yatsa na taɓa ina tsammanin taushi, na ji sanyi da tauri kamar kofin shayi.

Matar tana magana a hankali da Turanci, 'yar nan tana juya mini. Wai hanya biyu take bi. Wani kayan takan danna shi a kan ɗanyen yumɓu ta ɗaga, zanen ya zauna. Wani kuma takan tsoma shi cikin yumɓun da aka dama da ruwa har ya sha, ta sa a tanderu.

Na nuna rigar jaririn na ce, "To ina rigar take?"

"Ta ƙone, Inna. Wuta ta cinye yadin, tangaran ɗin ya riƙe siffar."

"Rigar wa?"

Ta tambaye ta, sannan ta ce mini da murya ƙasa ƙasa, "Mutane ne ke kawo mata kayan 'yan'uwansu da suka rasu. Wannan wuyan rigar na mijinta ne."

Na ja da baya. Ashe bangon matattu nake tsaye a gabansa ina yabawa. A kusurwa kuma, kan wata 'yar kanta ta katako, ga hoton wani dattijo, ga tsinken turare yana hayaƙi, ga 'yar shinkafa a ɗan mitsitsin kwano an ajiye masa. Na ja hijabina na rufe baki ina karanta abin da ya zo mini.

Sai matar ta ɗaga yatsa ta zagaya kanta da shi, tana murmushi tana duban 'yar nan.

"Inna, wai tana tuna hular Baba. Ta ce ba ta taɓa ganin ɗinki irinsa ba. Tana tambaya wa ya yi."

"Ki ce ban sani ba."

"Haba, Inna."

Ta gaya mata ni na ɗinka. Matar ta dubi hannuwana ta daɗe, ta sunkuyar da kai. Ta sake yin magana.

"Wai ko za ki bari ta gan ta kusa."

"Ki ce ta ɓata."

Ban tsaya jin ko ta faɗa ba. Na fice, ko kwanon ƙosan ban jira ba.

Ranar na sauko da samirar daga kan wadrob na tura ƙarƙashin gado. Washegari na ga nan ma bai yi ba, na sa ta cikin akwati ƙarƙashin zannuwana. Na lura kuma 'yar nan ta fara shiga gidan matar in ta dawo aiki, ta daɗe, ta fito da farin yumɓu a gefen hannun riga. Na tambaye ta ko tana shan wani abu a can. Ta ce shayi. Na ce a wane kofi? Ta haye sama abinta.

Wata ranar hutu muna gyaran alayyafo ta ce, "Inna, zaren hular nan fa yana cinyewa. Wata rana zanen zai tafi. Da za ki bari a ɗauki zanen kawai a yumɓu. Ba ƙonawa za a yi ba, wallahi, dannawa ce kawai a ɗaga."

"Kada in sake jin maganar nan."

"Ko awa ɗaya ba za ta yi ba."

"Ita ta aiko ki?"

"Ba wanda ya aiko ni." Ta ajiye wuƙar. "Inna, ni ma fa ubana ne."

Na ji ta sarai. Amma abin da ya zo mini a lokacin shi ne matar nan ta gama shiga kanta, tunda yarinyar da ba ta taɓa mayar mini da magana ba yau ita ce ke ajiye wuƙa tana kallon idona. Na kwashe alayyafon na tashi.

Aka yi suna a Landover, gidan wasu mutanenmu 'yan Kaduna. Matan suka zo suka ɗauke ni tun da hantsi, 'yar nan ta ce ita ba za ta samu zuwa ba. Na wuni a can, na dawo a gajiye na kwanta. Da safe ta riga ni fita, aikin sassafe gare ta. Na idar da salla, na jawo akwati, na ɗaga zannuwan, na fito da samirar. Tun a hannu na ji ta yi sauƙi. Na ɗaga murfin. Farin ƙyalle kawai.

Hannuna da kansa ya mayar da murfin ya rufe, kamar yadda ya saba. Na zazzage akwatin, na duba ƙarƙashin gado, na ɗaga katifa, ina yi ina salati. Can na tsaya cik, domin ta cikin bango na ji wani ɗan ƙara, ƙas, shiru, ƙas. Na san shi. 'Yar nan ta taɓa gaya mini ƙarar tanderun ce in ana gashi.

Ban san lokacin da na sauko daga bene ba. Ba takalmi, ba tsintsiya, na bi ta baya cikin caɓi na zagaya shingen na dinga dukan ƙofar garejin da hannu biyu. Ta buɗe, zafi ya bugi fuskata. Jar fitilar nan tana ci. Na nuna tanderun, na nuna kaina, ina ihu da Hausa, "Buɗe! Fito mini da ita! Me ya yi miki? Ko gaisuwarki bai taɓa ƙin amsawa ba!" Na yi kan murfin zan ɗaga. Ta cafke wuyan hannuna. Ban taɓa zaton ƙaramar tsohuwa za ta yi ƙarfi haka ba. Yanzu na san da na taɓa ƙarfen nan da fatar hannuna ta zauna a jiki, amma a lokacin gani nake hana ni take yi har wutar ta gama cinye hular.

Na daina kokawa da ita. Na zauna a simintin garejin na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwarsa, don ranar akwai mutane, na daure. Ina kuka ina kiran Malam, ina ce masa ya yafe mini, na bari an ƙona ɗan abin da ya rage.

Ta tsuguna a gabana tana kallona. Can ta miƙe ta kama hannuna tana ja. Na fizge, ta sake kamawa. Ta fitar da ni ta wata 'yar ƙofa zuwa barandarta ta baya. A nan cikin inuwa ta kife wata tukunya, ta ɗora hular a kai don kada ta lanƙwashe, kamar yadda masu wankin hula ke ɗora ta a katako.

Ba abin da ya same ta. Ko zare ɗaya bai tsinke ba. Shuɗin ya fito ɗau kamar ranar da na cire allura daga jikinta. Na ɗauke ta, da ɗan danshi. Kunya ta riga ta bar ni, a gaban matar na kai ta hancina.

Ruwa na ji, da ɗan sabulu.

Na juya cikinta. Bakin nan da gumin goshinsa ya rina shekara da shekaru har ya yi duhu, ya koma fari ƙal. Na shaƙa nan, na shaƙa tsakiya, na bi ta zagaye ina nema kamar wadda ta yar da allura a yashi. Matar ta ɗauko wani ɗan buroshi mai laushi tana nuna mini, tana kwatanta yadda ta bi zare ɗaya ɗaya ta fitar da yumɓun da ya maƙale, ta ɗauraye, ta sake ɗaurayewa. Tana murmushi, jira take in ga ƙoƙarinta. Sai ta ga na sake kai hular hancina. Murmushin ya tafi. Ta sa hannu ta rufe bakinta. Ta waiwaya ta cikin ƙofa wajen wuyan rigar mijinta da ke bango, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta durƙusa a gabana ta kai goshinta har kusa da ƙasa, ta zauna a haka.

Na ce, "Tashi. Ba a yi wa mutum sujada."

Ba ta ji ba, ba ta tashi ba. Na bar ta a nan na koma gida da hular a hannu.

Da na shiga kicin na dubi taga, sai ga sawuna a caɓi, na zuwa da na dawowa, yatsu biyar biyar sun fito raɗau, ban taɓa barin irinsu ba tun da na zo ƙasar nan. Ba a jima ba ta fito ta tsaya a kansu. Na tsaya ina jiran ta koma ta ɗauko kwanon nan. Ta koma ɗin. Tsintsiyar garejinta ta ɗauko. Ta fara daga ƙofarta, da baya da baya, tana sharewa yadda nake yi, har bakin ƙofarmu, ba ta bar ko ɗaya ba. Na ce a raina, ashe duk kwanakin nan da nake kallonta ta taga ita ma kallona take yi.

Da la'asar 'yar nan ta dawo. Matar ta riga ta kira ta a waya, don da gudu ta hawo. Ta same ni zaune a bakin gado da hular a cinya.

"Inna, ki yafe mini. Na so in mayar tun jiya, ba ta bushe ba. Amma ga ta nan, ba abin da ya same ta, ko?"

Na miƙa mata. "Shinshina."

Ta karɓa ta shinshina, ta dube ni ba ta gane ba. Can na ga abin ya sauka a fuskarta.

"Ƙamshin Baba ne a jiki?"

Na kawar da kai.

"Inna, ai ce mini kika yi ɗinkin kike kallo."

"Na ce."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba? Wallahi da ko kusa da akwatin ba zan je ba."

"Da wane bakin zan gaya miki?"

Ta zauna a ƙasa ta kifa kanta a gwiwata. Tana kuka tana cewa an kwashe komai nasa an kai Zariya ba wanda ya tambaye ta ko tana son wani abu, ita da ta yi jinyarsa, ita da ta rufe masa ido, ba ta da komai sai hotuna a waya. Ta ce da ta san yana cikin samirar nan duk watannin nan, da ta roƙe ni in bar ta ta shaƙa ko sau ɗaya. Ban ce na yafe ba a ranar, ban kuma janye gwiwata ba. Mun daɗe a haka har lokacin salla ya kusa fita.

Bayan wasu makonni allon ya iso, naɗe a ƙyalle irin na kofin. Matar ba ta shigo ba, a bakin ƙofa ta ajiye ta tafi. Tsawonsa ya kai kamu guda da 'yan kai. Ta mirgina gefen hular a kan yumɓun, zanen ya miƙe a jere, ta danna saman hular daga bisa ya fito da'ira. Fari ne, sai ɗan shuɗi shuɗi da ya taru a cikin ramukan. Idona ba ya gani sosai yanzu, da yatsa na bi shi. Na gane kowane gida na zanen, har inda zare ya ƙare mini na ƙulla wani. Can wajen dama yatsana ya faɗa wani ɗan wuri sumul, ba zane. Nan ne saman kunnensa, inda yake sa babban yatsa ya tura hular gaba in yana tunani, har ɗinkin ya kwanta. Na sa nawa yatsan a ciki, ya yi masa kaɗan. Na kai hanci kuma, ko da na sani. Tangaran ba ya riƙe ƙamshin kowa.

'Yar nan ta kafa shi a bango kusa da ƙofar fita. Kullum in za ta tafi aiki sai na ji ta ɗan tsaya a wurin kafin ta buɗe ƙofa. Hular ma na ba ta, tunda ta ce ubanta ne, kuma gaskiya ta faɗa.

Matar har yau in ta gan ni sai ta sunkuyar da kai, ni kuma in ɗaga hannu yadda Malam ke yi. Ban ce na gama yarda da ita ba. Mutumin da ke ajiye wa mamaci shinkafa, yana tara kayan matattu a bango, ban san iyakar abin da ya sani ba. Kofinta na jawo shi gaban kabad, amma ban sha da shi ba tukuna, kuma in zan kai shara da tsintsiyata nake fita.

Saura samirar. A ranar da abin ya faru, bayan 'yar nan ta tashi yin alwala, na ɗauko ta zan mayar da hular ciki. Hannuna yana kan murfin na tuna da farin ƙyallen. Watanni ya yi a ƙarƙashin hular, a rufe, ba wanda ya wanke shi. In na sa wankakkiyar hula a kai, sabulu zai cinye ɗan abin da ya samu. In na buɗe don in duba, iska za ta ɗebi rabonta. Na janye hannuna. Tun daga ranar ban ɗaga murfin ba. Ban sani ba ko yana ciki, ko ya tafi tuntuni. In na idar da asuba nakan ɗauko ta in ɗora a cinya a rufe, in yi masa addu'a, in mayar.

Na sake mata wurin ɓuya. Ba zan faɗi inda take ba, domin wadda ke rubuta wannan ita ce ta gano ta a karon farko. Ga ta nan ta ɗago kai tana kallona da jajayen idanu. Rubuta kawai, 'yar nan.